Sunan Omma da Jan Alƙalami

Ranar da Boreum ta shiga shagon kayan kwamfuta da ke unguwar Seomyeon, a fusace ta shiga. Tun safe take fama da wayarta a shagon miyar kifin mahaifiyarta: odar masu kawo kifi, odar masu son a kai musu miya gida, duk a kan ɗan gilashin da bai kai tafin hannu ba, ga hannu kullum a jiƙe. Ta danna kwano biyu, ya fito ashirin. Wa zai jure?

Ta nuna tablet mafi tsada ta ce a naɗe mata. Saurayin da ke tsaye, Dongha, ya ƙi. Wai sai ta faɗa masa inda za ta ajiye, ko akwai tururi, ko a tsaye take aiki.

"Malam, saye na zo yi, ba neman aiki ba."

"Ki yi haƙuri. Hannunki na gani," ya ce. "Wannan ba zai yi wata ɗaya a wurinki ba."

Ta ɓoye hannun a aljihu, kunya ta kama ta. Shi kuwa ya ɗauko mata wani matsakaici mai kauri, da kibod mai manyan maɓallai da rigar roba, wanda ake goge shi da tsumma. Ya ce ta gwada rubuta sunanta. Ta rubuta, ya karanta, ya ce ashe Farin Wata ce ta shigo masa shago da rana tsaka, don ma'anar sunan ke nan a harshensu. Ta harare shi, amma ta karɓi lambarsa, wai ko na'urar za ta ba da matsala.

Na'ura dai lafiyarta ƙalau. Masu matsalar su biyu ne.

"Farin Wata, kibod yana jin magana?"

"Ya fi mai shi jin magana, Oppa." Haka budurwa ke kiran saurayinta a can.

"Kin ci abinci?"

"Mai sayar da miya ake tambaya? Kai dai ka ci, kada ka rame a ce ni ce."

Sai dai akwai Madam Ok, mahaifiyarta, wadda take kira Omma. Duk layin kasuwar kifi ta Jagalchi an san ta: mace ce da ta riƙe shago ita kaɗai tun rasuwar mijinta, ba ta dariya sai da dalili. Ta riga ta sa ido a kan Seok, ɗan dillalin da ke kawo musu kifi, yaro mai mota da ladabin gaban manya. Da ya ji ƙishin-ƙishin maganar Dongha, shi ma ya kawo nasa tablet, siriri mai sheƙi, ya ajiye kusa da tukunya. Tururi ya gama da shi kafin mako ya zagayo. Boreum ta yi dariya har da riƙe ciki, uwar ta ce aƙalla shi ya san gidan mutane.

Saboda haka Dongha ya zo. Ya sayi kwandon lemo, ya sa rigar da ta fi ƙarfinsa, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Komai na tafiya daidai. Ya nuna wa Madam Ok cewa ba sai ta koyi kibod ba, akwai alƙalamin da za ta riƙa rubutu a gilashin yadda ta saba a takarda. Don ya burge, ya zana mata cikakken sunanta da manyan baƙaƙe.

Da ja ya fito.

A shagon su Dongha da ja suke yi wa kayan da suka lalace alama, kuma bai duba launin alƙalamin ba. Har mai wanke kwanuka ta tsaya. A ƙasar, yaron goye ma ya san da ja ake rubuta sunan wanda ya mutu.

"Ka sa ni a layin matattu ke nan," Madam Ok ta ce a hankali. "Ɗauki lemonka."

Ya goge, ya ba da haƙuri, ya sake sunkuyawa. Ina! Ta kulle tablet ɗin a aljihun tebur, ta ce ba shi ba shagonta, ba shi ba 'yarta.

Kwanakin da suka biyo baya babu mai sukuni. Boreum ta koma fama da waya, oda na rikicewa, ta zuba gishiri sau biyu a tukunya ɗaya. Uwar kuwa ko atishawa ta yi sai ta ce ga shi nan jan ya fara aiki. Seok ya ƙara yawan zuwa. Dongha ya riƙa zagaye layin kamar wanda ya yar da makulli.

"Farin Wata, ki bar ni in zo."

"Kada ka zo, Oppa. Ba camfi kaɗai ba ne. Ita ta rubuta sunan Appa, mahaifina, a takardun jana'iza, har yanzu abin na ranta. Ba zan aure ka ba da yardarta ba, kuma ba zan iya auren wani ba. Na rasa inda zan sa kaina."

Bai ji ba. Ya zo da tsakar rana, shago cike, ya roƙi Boreum ta buɗe aljihun. Ya durƙusa gaban Madam Ok da tablet a hannu.

"Omonim, uwata, na yi kuskure, ba ni da abin da zan biya da shi. In jan nan yana ɗaukar mutum, ya fara da wanda ya yi laifin."

Ya zaɓi ja da gangan, ya fara rubuta sunansa.

Wallahi ba a taɓa ganin tsohuwa ta yi sauri haka ba. Ta yar da ludayi, ta fizge allon, tana goga gilashin da gefen zanen aikinta kamar mai kankare tukunya. Rubutun bai goge ba.

"Mahaukacin banza! So kake 'yata ta yi takaba tun ba a ɗaura ba? Ina ake goge shegen abin nan?"

Wani tsoho ya ƙware da miya. Boreum ta toshe baki, hawaye na zuba. Sai a lokacin Madam Ok ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta haɗe rai, amma magana zarar bunu ce.

Dongha ya nuna mata wurin gogewa da wurin canza launi. Ta goge da kanta. Ta zaɓi baƙi, ta tambaye shi yadda ake rubuta sunansa, ta rubuta a hankali, ta sa na Boreum a gefe. Sannan ta ce ya tashi ya ci abinci, ya rame kamar busasshen kifi.

An yi bikin da bazara, lokacin da itatuwan bakin teku suka yi fure. Seok ma ya zo, ya kawo kifi mai kyau, mutumin kirki ne. Da ango da amarya suka sunkuya gaida iyaye, Madam Ok ta watsa musu dabino da ƙwayar chestnut mai kama da goro a zane bisa al'ada, ta yi musu fatan 'ya'ya da tsawon rai, ta ce su tsufa tare, abin da ita ba ta samu ba.

Har yau tablet ɗin na kan kantar shagon, kusa da kibod mai rigar roba. Madam Ok ke ɗaukar oda da shi yanzu, kuma kowace safiya kafin ta ɗora tukunya sai ta duba launin alƙalamin. Allah ya bar su tare.