Shagon da ke Kan Rijiya

Da magariba abin ya fara. Iya Fausa tana kwashe amala, sai dutse ya faɗo cikin tukunya. Jiƙaƙƙen dutse, da gansakuka a jikinsa. A hawa na biyar.

Ginin sabo ne. Dangin marigayi mijinta sun ba wani kamfani tsohon gidansu na unguwar Isale Eko a Legas, aka rushe, aka ta da kasuwa mai gilashi. Kowane magaji shago ɗaya da ɗaki a sama. Na marayu shi ne na lungu, inda aka zuba kankare a kan rijiyar gidan. Da shi za ta ci, da shi 'yarta Fausa za ta gama makarantar jinya.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu Fausa ta zauna a ƙasa, ruwa na ɗiga daga kitsonta.

"Zazzaɓi ne," in ji Baba Lamidi, wan mijin, wanda ya sa hannu a takardar kamfanin.

"Zazzaɓin gidanku ne ke jifa?" in ji Iya Fausa. "Tashi ka kira Alfa."

Alfa Jimo, malamin unguwa, ya zo, dangi suka cika ɗakin. Ya daɗe yana karatu. Can yarinyar ta ɗago, muryar wani tsoho ta fito, kamar daga ƙasan tulu.

"Lamidi. Kakanka a nan ya same ni. Ranar taron rabo kun kira na Landan, kun kira na Dubai ta waya. Ni da ke ƙarƙashinku ba ku kira ni ba."

"Me kake so?" in ji Alfa.

"Hawan ƙasa duka."

"Ka ji tsoron Allah."

Muryar ta sassauta.

"To a fasa kankaren in sha iska. Kada a yi ciniki a kaina."

Baba Lamidi ya ce ko zai koma baya, wajen janareta.

"Kai ka koma."

Iya Fausa ta bi dangi da ido, ɗaya bayan ɗaya, ko wani zai ce su raba nasa shagon da ita. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ta kwance makullin shagon daga bakin zaninta, ta jefa.

"Ungo. Ba ni 'yata."

Fausa ta yi atishawa, ta ce ƙishirwa take ji.

Da safe Iya Fausa da kanta ta ɗauki guduma, ta fasa kankaren. Yanzu wayoyin caji take sayarwa a faranti, a bakin titi. Masu gadin ginin, baƙi ne, kullum sai sun kore ta. Fausa na hanyar makaranta.