Inda Jaririn Zebo Zai Kwana

Ranar da aka sallamo Zebo daga asibitin haihuwa na garin Margilon, uwar mijinta Hosiyat ce ta tare su a bakin ƙofa. Ta karɓi jaririn daga hannun ɗanta Ilhom, ta sumbaci goshinsa, ta wuce da shi ɗakinta da ke can ƙarshen tsakar gida, ba ta kuma dawo da shi ba. Da Ilhom ya bi ta ya tambaya ko za a kai yaron wajen uwarsa, sai ta ce a nan zai riƙa kwana kusa da ita har ranar da za a sa shi a beshik, shimfiɗar nan ta katako mai lilo da ake ɗaure jarirai a ciki. Bayan nan ma a ɗakinta za a ajiye beshik ɗin. In lokacin shayarwa ya yi, kelin, wato matar ɗan nata, ta zo ta shayar ta koma.

"Na binne jika ɗaya saboda rawar kanta," in ji Hosiyat. "Ba zan binne na biyu ba."

Ilhom ya sunkuyar da kai. Shekara uku ke nan ba shi da wata sana'a a gaban uwarsa sai sunkuyar da kai.

Ga yadda abin ya faro. Kowa a unguwar ya san ba a shigo da makwancin jariri gida kafin mai shi ya iso duniya, ba a kuma kaɗa shi babu kowa a ciki. Sai an haihu lafiya uwar mace take kawo beshik da hannunta. To amma da Zebo ta yi cikin fari, ɗoki ya ɗebi Ilhom. Ya ga wani farin gadon jariri a kanti a birnin Fargona, irin wanda ake sauke gefensa ɗaya a jingina shi da gadon uwa, ya saye shi, ya shigo da shi a naɗe cikin bargo. Ya harhaɗa shi a ɗakinsu, ya zauna yana kaɗa shi yana dariya, Zebo na riƙe masa hannu tana roƙonsa ya bari kada a ji. Da haihuwa ta zo, yarinyar ba ta zo da rai ba. Cibiya ce ta naɗe mata wuya. Ilhom na maƙabarta lokacin da Hosiyat ta shiga ɗakin ta ga gadon. Ta tambayi wanda ya kawo shi, Zebo kuwa, wadda ta san mijinta kaɗai ne ɗan wannan gwauruwa, ta kuma ga yadda baƙin ciki ke neman zautar da shi, ta ce ita ce ta matsa aka sayo. Hosiyat ta faskara gadon da gatari ta ƙone shi a tanderun gurasa, sannan ta bi matan unguwa gida-gida tana gaya musu abin da kelin ta jawo.

Ilhom ya yi niyyar faɗin gaskiya, wannan kam ba ƙarya. Kullum sai ya ce gobe. Yana son Zebo, so na haƙiƙa, irin wanda yake sa mutum ya ɓoye wa matarsa rumman mafi zaƙi a aljihun kwat. Amma rumman a ɓoye abu ne mai sauƙi, buɗe baki a gaban uwa shi ne ya gagare shi.

Wannan karon aiki aka yi wa Zebo aka ciro yaron. Likita ta ja musu kunne cewa kada ta yi yawan tafiya ko durƙuso, a ajiye jaririn daidai tsayin gadonta yadda za ta miƙa hannu ta jawo shi. Ilhom ya kai wa uwarsa wannan saƙo da 'yar ƙaramar murya. Hosiyat ta ce ita ta haifi shi kansa a lokacin tsinkar auduga, kwana kaɗan ta koma gona, ba ta mutu ba. Matan yanzu ne komai sai likita ta ce.

Lokacin hunturu ne, ƙanƙara ta rufe tsakar gida har gindin inabi. Duk sanda yaron ya yi kuka sai Zebo ta sauko daga gado tana dafe da cikinta, ta ja ƙafa ta ƙetare tsakar gidan, ta durƙusa a kan katifar ƙasa ta surukarta ta ba shi nono. Ko gama lumshe ido bai yi ba Hosiyat za ta miƙo hannu ta ce ya isa, a ba ta shi. Zebo ta ce, "To, Oyijon," wato inna, ta tashi ta koma. Ilhom yakan tarar da ita zaune a bakin gado ta juya fuskarta wajen taga, gaban rigarta ya jiƙe da nono, tana sauraron ɗakin da ke can ƙetare. Ganinta a haka ya fi zagi ci masa rai.

Wata safiya yana kankare ƙanƙara daga gilashin motarsa ya ji faɗuwar abu. Ya juyo ya ga Zebo kwance a tsakiyar gida, jini na fitowa ta rigarta yana ɓata farar ƙanƙara. Ɗinkin ne ya buɗe, jikinta kuwa zafi kamar garwashi, ashe ta kwana biyu da zazzaɓi tana ɓoyewa don kada a hana ta zuwa wajen ɗanta. Ya ɗauke ta a guje zuwa asibiti. Aka sake ɗinki, aka ba ta gado, jaririn ya zauna gida ana ba shi madarar gwangwani.

Da ta farfaɗo ya zauna kusa da ita ya kama hannunta. Ba ta janye ba, amma ba ta riƙe nasa ba.

"Yaya Ilhom," ta ce, "na ɗauki laifinka shekara uku, ban gaji ba, da zan iya ɗauka har in mutu. Amma ban san da ɗana zan biya ba. Uwata ta ce in an yi bikin beshik za ta tafi da ni gida. Na ce mata to."

Ya ce ta ba shi lokaci. Ta yi wani ɗan murmushi mai ciwo, ta ce ai lokaci shi ne abin da bai taɓa rasawa ba.

Da la'asar ya isa gida. Hosiyat na zaune kusa da murhu da jaririn a cinya, tana fama da shi ya karɓi kwalbar madara yana ƙi. Ilhom ya durƙusa a gabanta, wannan karon bai sunkuyar da kai ba.

"Oyi, ni na sayo gadon nan. Ba ta ce in sayo ba, ba ta ma san zan kawo shi ba. Ni na kaɗa shi tana roƙona in bari. Kuma ba katako ne ya kashe 'yata ba, kwananta ne Allah bai rubuta ba. Amma in dole sai kun tsine wa wani, ga ni."

Hosiyat ta ɗago ta dube shi. Kwalbar ta suɓuce daga hannunta ta gangara ƙarƙashin tebur.

"Kana zaune a gidan nan," ta ce, "kana jin abin da nake kiran 'yar mutane, kana cin abincin da ta dafa?"

Ya ce e. Ta ce ya fita ya ba ta wuri. Daga ranar ta daina yi masa magana, in ya gaishe ta sai ta kau da kai, in ya kawo shayi ta bar shi ya huce. Ilhom ya ga ya rasa matar, ga shi yana neman rasa uwar, ya kuma san shi ya saya wa kansa.

Ana gobe biki, da hantsi, sai ga Hosiyat ta fito cikin babban mayafinta na ulu ta ce ya tayar da mota. Ba ta faɗi inda za su ba sai da suka hau hanyar Fargona. A kantin kayan jarirai ta bi gadajen ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen ragon layya. Wannan ta girgiza shi ta ce ƙafarsa na rawa. Wancan ta zura hannu tsakanin sandunansa ta ce kan yaro zai iya shiga. Mai kanti ya nuna mata wani mai labule da kayan wasa a rataye, ta ce ɗaki za ta yi wa yaro ko rumfar biki? Ta danna katifu da tafin hannu ta ture masu laushi, ta ce jariri ba ya son abin da fuskarsa za ta nutse a ciki. Can ta zaro wani zare daga aljihu mai ƙulli a jikinsa, sai a lokacin Ilhom ya gane ta shiga ɗakinsu ta auna tsayin gadon Zebo. Ta gwada zaren a jikin wani na katako mara fenti, ta sa aka sauke gefensa aka ɗaga, aka nuna mata maɗaurin da ke riƙe shi da gadon uwa don kada rami ya buɗe a tsakani. Ta ce shi za a ɗauka. Da mai kanti ya faɗi kuɗi ba ta yi ciniki ba, domin ba a tayawa a kan makwancin jariri.

Washegari gida ya cika da mata. Uwar Zebo ta kawo beshik mai ado da barguna da gurasa a naɗe, ta kuma taho da 'yarta kai tsaye daga asibiti, ta kwantar da ita a ɗakinta ba tare da ta bari an sauke jakarta daga mota ba. Zebo ta ga sabon gadon a jingine da nata, ta dubi Ilhom, shi kuwa uwarsa ba ta gaya masa abin da take nufi ba.

A ɗakin Hosiyat aka yi al'adar, Ilhom na tsaye a bakin ƙofa da butar shayi. Tsohuwar gida ce ke sa jariri a beshik: ta kwantar da shi a karkace ta tambayi mata ko haka ne, su ce a'a, ta juya shi ta wani gefen su ce a'a, sai ta daidaita shi su ce e. Hosiyat ta yi na farko da na biyu, matan na amsawa suna dariya. Ta daidaita shi ta tambaya, ɗakin ya amsa da e.

"A'a," in ji Hosiyat.

Ta ɗauke yaron ta rungume shi, ta ratsa tsakiyar matan ta fita, ta ƙetare tsakar gida a kan ƙanƙarar nan, su kuma suka biyo ta suna kallon juna. A ƙofar ɗakin Zebo ta tsaya ta juyo.

"Da bakin nan na shiga gidajenku na ce kelin ce ta kashe jikata. Ƙarya na yi mata. Ba ta sayo komai ba, ɗana ta rufa wa asiri, kuma rai na Allah ne. Beshik ɗin da uwarta ta kawo yana nan, in ta warke ta sa shi da rana. Amma yaro wajen uwarsa zai kwana."

Ta shiga ta kwantar da shi a sabon gadon. Ba matan ta tambaya ba wannan karon.

"A nan ne, 'yata?"

Zebo ta miƙa hannu ba tare da ta ɗaga kanta daga matashi ba, ta taɓa kumatun ɗanta. Ta amsa tana hawaye.

"A nan ne, Oyijon."

Uwar Zebo ta tsaya ta dubi 'yarta, ta dubi surukar, sannan ta ce wa Ilhom ya daina tsayuwa kamar turke ya je ya shigo da kayan matarsa. Zebo ta fasa tafiya gidansu, sai dai ta daɗe kafin ta sake yi wa mijinta dariya irin ta da, shi ma bai yi gaggawar neman hakan ba.

Haƙurin Zebo bai faɗi ƙasa ba, Allah ya wanke ta a gaban mutanen da aka ɓata ta. Amma duk namijin da ya bar matarsa ta ɗauki laifinsa don tsoron ɓacin ran uwa, ya sani ba biyayya yake yi ba, zalunci yake yi wa su biyun. Abin da Allah ya ƙaddara kuwa, kada a ɗora shi a kan katako, balle a kan 'yar mutane.