Wanda Ke Sauraron Haddar Hajara

An fara kiran magariba a Unguwar Sanusi, Innar Hajara na kwashe tuwo, dutse na farko ya faɗo tsakar gidansu. Bai taɓa komai ba sai kujerar baƙuwa, Vicky, wadda ta zo daga Sabon Tasha su yi bitar jarrabawa da Hajara. Na biyu ya kifar da kofin da ke hannunta. Ko takalmi ba ta tsaya sakawa daidai ba, ta fice.

Hajara tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karanta biyokemistiri, wato ilimin sinadaran da ke aiki cikin jikin mai rai. Tun tana aji ɗaya karatu ba ya zauna mata sai da baki. Kullum da yamma takan shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar bayan gida, ta yi ta rera sunayen sinadarai kamar mai tilawa. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Da ta samu Vicky a bana, sai ta watsar da gindin tsamiyar, ko waiwaye.

Jifa ya zama na kullum. Rannan Jamila ƙanwar Hajara, wadda ko sakandare ba ta gama ba, ta zube a tsakar gida, ta fara jero yadda sukari ke narkewa ya zama ƙarfi a jiki, da muryar wani tsoho. Inna na salati, Hajara kuwa ta gane haddarta ce ake maimaitawa, har inda take jan numfashi.

Aka ɗauko Malam Bello. Ya zauna, ya yi karatu mai tsawo a kan Jamila, sannan ya yi tambaya.

"Me ka zo nema a jikin yarinyar nan?"

"Ba ruwana da ita," in ji muryar. "Da waccan nake. Tun tana ƙwaila a karatu nake saurarenta. Ban taɓa katse ta ba, ban taɓa hamma ba. Sai wata ta zo da ɗan kofinta, ni kuma na zama itace?"

"Kishi kake?"

"Kishi nake! Ta faɗa mini abin da mai kofin ta fi ni, in tafi."

Malam ya dubi Hajara. Ta ce, "Vicky tana gyara mini in na yi kuskure."

Inna ta ɗauka an rabu. Sai Jamila ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Ni ma na ji kuskurenki. Kin karanta daidai daga littafi, kika haddace shi a karkace, tun kina aji biyu. Na yi shiru don ki faɗi, ki maimaita shekara, ki ƙara zama da ni."

"A wane wuri?" Hajara ta matso. "Don Allah, a wane wuri?"

"Tambayi Vicky."

Jamila ta yi atishawa, ta buɗe ido tana neman ruwa. Ba a sake jifa a gidan ba.

Jarrabawa saura mako guda. Hajara ta ɗauko littafin aji biyu, ta buɗe shafin farko, ta kira Vicky a waya. Vicky ta ce ko da kuɗi ba za ta sake taka gidan nan ba.