Sunan da Ubale Ya Tsallake

Ana idar da sallar magariba dutsen farko ya faɗo cikin akushin tuwon Ubale. Ba kowa a kan katanga. Na biyu ya fasa randa.

A shekarar nan ta 1954 dagacin ƙauyensu, kusa da Dangora, ya rasu bai bar ɗa ba. Hakimi ya ce Di'o, Baturen mulki, na so duk mai neman rawanin ya kawo asalinsa a rubuce. Ubale, sarkin son girma, ya jero kakanninsa da ajami. Da ya zo kan wadda ta haifi ubansa, baiwar da aka kamo daga duwatsun Riruwai kafin zuwan Turawa, sai ya tsallake ta, ya ɗora sunan uwargidan kakansa. Tsohuwar da ta goya shi har bayanta ya ranƙwafa, ita ya share don ƙyallen naɗawa a ka. Abin haushi, ko gezau bai yi ba.

Kwana bakwai ana jifa. Ran na takwas 'yarsa Suwaiba ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ta tashi da muryar tsoho.

Aka ɗauko Malam Isa daga Bebeji. Ya yi karatu har ya jiƙe da gumi, sannan ya tambayi aljanin da ya hau kanta abin da ya kawo shi.

“Tare muka baro dutse da kakar mai gidan nan, igiya a wuyanta,” in ji muryar. “Aka sayar da ita na yi shiru. Aka binne ta a bayan garke na yi shiru. Wannan kam ba zan yi shiru ba.”

Ubale ya hasala, ya ce a tayar masa da 'ya zai yanka bunsuru, kai, har sa. Aljanin ya ce shi jini bai dame shi ba. A mayar da sunan tsohuwar cikin takardar, ko ya tafi da hankalin yarinyar.

Ubale ya fizgi alƙalami, sai hannunsa ya tsaya. Alheri kawai ya sani, sunan da iyayen gijinta suka laƙaba mata.

“Luba ubanta ya raɗa mata,” in ji muryar. “Rubuta, butulu.”

Ya rubuta. Suwaiba ta yi atishawa uku ta sulale ƙasa.

Rawanin dai wani aka naɗa wa. Ranar da ya dawo daga gaban hakimi da hularsa ta kullum, Suwaiba ta kawo masa ruwa, ta ce, “Baba, wai wace ce Luba?”

Ya daɗe yana kallon bayan garke.

“Kakata ce,” ya ce.