Ƙusar Da Na Kafa A Bangon Asibitin Yaya

"Karanta min wannan."

Ya ajiye takardar a kan teburina, bisa katunan marasa lafiya, ko sallama bai yi ba. Shi da ko mage ya tarar a bakin ƙofa sai ya gaishe ta.

"Masoyi, lafiya? Ka ga yadda kake haki kuwa?"

"Mai Kati, karantawa na ce ki yi!"

Na karanta. Takardar tura mara lafiya ce daga asibitinmu zuwa asibitin gwamnati. Mace mai shekara talatin da ɗaya, an yi mata tiyatar haihuwa jiya da safe, jini ya ƙi tsayawa. A ƙasa ga hatimi, ga sunansa raɗau, ga lambar lasisinsa.

"Ni aka miƙa wa ita a sashen gaggawa," ya ce. "Ni! Jiya da safe ina ina?"

"Kana... kana asibitin gwamnati."

"To wa ya yanka matar nan da sunana?"

Idona ne ya ci amanata, ya tafi ƙofar ofishin Yaya.

Yayana ba likita ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Shekara goma sha biyar ya yi a ɗakin tiyatar gwamnati yana miƙa wa likitoci almakashi da zare, har idonsa ya haddace aikin. Da Baba ya rasu sai ya ajiye aiki, ya kama gida mai ɗaki shida, ya buɗe asibitin kuɗi. Unguwa kaf "Likita" suke ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. A nan muke ci, a nan muke sha, a nan ake samun maganin hawan jinin Mama. Ni auta ya zaunar da ni a bakin ƙofa ina yankar kati, ina rubuta rajista.

Wanda nake so kuwa likita ne na gaske. Ya ƙare karatu, ya yi shekarar horo, daga nan sai zaman jira. Shekara biyu yana sintiri ma'aikatar lafiya da fayil a hammata, kullum amsa ɗaya: ba a buɗe ɗaukar ma'aikata ba. Alhali a asibitin gwamnati likita ɗaya ke zagaya gado sittin, mutane kwance har a baranda! Abokansa suka laƙaba masa Likitan Benci, saboda bencin ƙofar ma'aikatar ya san shi fiye da katifarsa. Don kada hannunsa ya mutu, sai ya riƙa zuwa asibitin gwamnatin kwana uku a mako yana taimaka wa manyansa kyauta, ba albashi, ba suna a littafin kowa.

Mama kan ce, "Auta, yaron nan ba shi da makusa, amma takarda ba ta ɗora tukunya. Da me zai riƙe ki?"

Ana haka sai tsohon likitan da aka yi wa asibitinmu rajista da lasisinsa ya tattara ya bar ƙasar. Doka ta ce ba asibiti sai da likita mai lasisi. Yaya ya kira ni ofis yana murmushi.

"Ki gaya wa Likitan Bencinki ya kawo takardarsa mu rataya. Albashi duk wata, ya zo ranar da ya ga dama. Ya karɓa, a sa ranar aurenku."

Kwana huɗu na yi ina lallashinsa.

"Ba haka na yi mafarkin aiki ba, Mai Kati. Ni so nake in duba wanda ba shi da ko sisi."

"Marasa ko sisin sun ɗauke ka ne? Hasken idona, shekara biyu fa! Har yaushe zan riƙa cewa Mama ta ƙara haƙuri?"

"In na ba da takardar nan, wuyana na bayar."

"Ni ce a bakin ƙofa. Wa zai taɓa wuyanka ina zaune?"

Ya dube ni ya yi dariya. "Shi ke nan, kin ci ni da yaƙi. Amma sharaɗi ɗaya: ba a shiga ɗakin tiyata sai ina nan."

Yaya ya rantse har da dafa ƙirji. Ni da kaina na hau kujera, na kafa ƙusa a bango, na rataye lasisin cikin gilashinsa. Har na buge yatsana da guduma, shi kuma ya kama yana hura min yana tsokanata wai ga mara lafiyarsa ta farko.

Wata biyu aka yi na ga hatimi na biyu mai sunansa a durowar Yaya. Ranakun da Likitan Benci ke asibitin gwamnati, ranakun ne ƙofar tiyata ke rufuwa.

"Yaya, ka fa yi rantsuwa..."

"Ke, rufa min baki! Yaron da aka haifa jiya zai koya min yanka? In na mayar da su asibitin gwamnati, a layi za su mutu. Rubuta sunansa a rajista ki ba ni wuri."

Na rubuta. Sau tara na rubuta, sau tara Allah ya rufa asiri. Duk yammar da ya zo ɗaukata sai in shirya faɗa masa, sai in tuna saura 'yan makonni biki, in haɗiye. Na goma ita ce wannan matar.

Ranar da ya zo da takardar, Yaya ya fito daga ofis yana goge hannu da tawul.

"Meye na ɗaga murya? Ƙaddara ce, ko a hannunka tana iya faruwa."

"A hannuna da na san jijiyar da zan ɗaure!" Ya juyo gare ni. "Kin sani?"

"Masoyi, ka tsaya in..."

"Kin sani, ko ba ki sani ba?"

Hawayena ne suka amsa masa. Ya ɗauki takardarsa ya fita.

Matar ta rasu bayan kwana biyu, ta bar 'ya'ya uku da jaririn. Mijinta ya kai ƙara hukumar likitoci. Abin da ya fi ƙona min rai, a makon ne ma'aikatar lafiya ta manna sunayen waɗanda za ta ɗauka, bayan shekara biyu da rabi. Sunan Likitan Benci ne na shida.

Ya nemi manyansa na asibitin gwamnati su shaida yana tare da su a safiyar. Kowa ya noƙe. Ta yaya za su amsa cewa sun bar wanda ba a ɗauka aiki ba yana taɓa marasa lafiya? Shaida ta rage mutum ɗaya, mai rubuta rajista.

Ya kira ni a waya ana gobe zaman hukumar.

"Ban ce ki yi min ƙarya ba, Mai Kati. Abin da idonki ya gani kawai."

"Zan faɗa... wallahi zan faɗa."

Da safe ina ɗaura ɗankwali Mama ta shigo ɗakina ta zauna a ƙasa. A ƙasa, ita da gwiwarta ba ta lanƙwasuwa!

"Auta, in kika buɗe baki ɗaure shi za su yi. Shi ya riƙe ki tun rasuwar Babanku. Yaron nan lasisi kawai za a karɓe masa, yaro ne, zai nemi wata sana'ar."

"Mama, bai yi komai ba!"

"Miji ana samun wani. Ɗan'uwa fa, a wace kasuwa ake sayo shi?" Ta kama ƙafata tana kuka. "Kada ki sa in mutu ɗana yana kurkuku."

Mutum uku ne a bayan dogon tebur, fanka na juyawa a sama tana ƙara. Yaya na dama, Likitan Benci yana hagu sanye da farar rigar da na taɓa goge masa. Da na shigo ya ɗan gyaɗa min kai.

Shugabar zaman ta buɗe rajistar. "Wannan rubutunki ne?"

"Nawa ne."

"Safiyar da aka yi wa marigayiyar aiki, wa ya shiga ɗakin tiyata?"

Na ji hannun Mama a ƙafata kamar tana wurin.

"Abin da... abin da ke cikin rajista, shi ne."

Bai yi ihu ba, bai ƙaryata ni ba. Hular da ke hannunsa kawai ya ninke biyu, ya sake ninkewa. Aka karɓe lasisinsa, ma'aikata ta soke suna na shida. Asibitin Yaya kuwa aka rufe shi na ɗan lokaci, sai ya samo wani likitan.

Ko wata ba a rufa ba ya samo. Wata yarinya ce siririya, da fayil a ƙirji, takalminta duk ƙura.

"Auta, karɓi takardar Likita ki rataya," in ji Yaya. "Ƙusar na nan ai." Ya shige ofis yana waya.

Yarinyar ta miƙo min da hannu biyu. "Shekarata ɗaya da rabi ina nema, Anti. Babana har ya daina tambayata."

Na dubi takardar, na dubi bangon.

"Ƙanwata, rungumi abinki ki koma benci. Wallahi bencin ya fi nan."

Na ɗauko guduma na zare ƙusar. Da Yaya ya fita sallah na buɗe durowarsa na ɗauke hatimin.

Na sami Likitan Benci a wani kantin magani a bakin kasuwa, yana tsaye bayan kanta yana miƙa wa mutane abin da wasu likitocin suka rubuta. Ya rame. Na jira layi ya ƙare, na ajiye hatimin a gabansa.

"Gobe zan koma hukumar da wannan. Zan faɗi komai, har sau goman."

"Ki faɗa," ya ce a hankali. "Don yaran nan huɗu."

"Za su mayar maka da lasisinka, Masoyi..."

"Wataƙila."

"Mu fa?"

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kin san ranar zaman nan ko ɗar ban ji ba? Ina ta ce wa kaina, Mai Kati na cikin ɗakin nan, wa zai taɓa wuyana tana zaune?"

"Ka yafe min... don Allah ka yafe min!"

"Na yafe tuni. Amma ba zan iya kwana gida ɗaya da muryar da na ji ranar ba."

Wata tsohuwa ta matso da takardarta, ya juya ya karɓa da ladabi, yana tambayarta ko ta ci abinci kafin ta sha na safe.

Na mayar da hatimin jaka na fito ina kuka a tsakiyar kasuwa, ban damu da masu kallo ba. Gobe zan rasa Yaya, wataƙila har da Mama. Shi kuwa tun a gaban dogon teburin nan na rasa shi. Sai da na kai bakin titi na lura ƙusar na cikin tafin hannuna, na damƙe ta har ta huda ni.