Abin da Ke Cikin Kafson Jagora

Mai shara ce ta tsinci gawar da safe a banɗakin ofis, a dunƙule, hannu biyu riƙe da ciki. Kafin Sufeton 'yan sanda ya iso, baranda ta cika da mutane masu koriyar riga iri ɗaya, kowa na sharar hawaye yana cewa Jagora ya tafi.

Kamfanin nasu garin ganye yake sayarwa a gwangwani, wai na ƙarin lafiya. Duk wanda ya shiga sai ya kawo mutum uku, su ma su kawo uku-uku, riba tana hawa sama. Jagora ne a can ƙololuwa.

Sufeto ba mai yawan magana ba ne. Abokan aikinsa suna cewa in ya zuba maka ido ya yi shiru, sai ka gaji ka faɗi abin da ba a tambaye ka ba. Ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ya duba gawar, babu rauni. Ya sa aka kai ta asibiti.

Bayan kwana biyu likita ya kira shi. Ya ce mamacin ya daɗe da ciwon kumburin hanji, irin wanda ba ya warkewa amma magani na kwantar da shi. Wannan karon ya tashi ba a tare shi ba, har hanjin ya huje.

"Da mutuwar Allah da Annabi zan rubuta," in ji likita, "sai na ga wannan a aljihunsa."

Kwalbar maganin asibiti ce, an kankare takardar jikinta, an ɗaure wuyanta da jan zare. Likita ya zaro kafso ɗaya ya buɗe a kan farar takarda. Koren gari ya zubo. Ya ce ƙananan ƙwayoyi farare ya kamata a gani. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku, duk kanwar ja ce.

"Wani ya zauna ya yi wannan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba garaje ya yi ba. Mutumin nan ya kai wata biyu yana haɗiyar hajarsa, shi a zatonsa magani yake sha."

Matar Jagora ta karɓi Sufeto da Sajan ɗinsa a falo mai manyan kujeru, hoton mijin ya kusa cinye bango guda. Ta rantse ko ciwon kai bai taɓa yi ba, ai duk duniya ta ga bidiyon da ya ba da shaidar cewa garin ya raba shi da asibiti.

Sufeto ya ajiye kwalbar a kan tebur. Ya zuba mata ido. Agogon bango ya yi ta tafiya.

Ta fara da gyara mayafi, ta ƙare da kuka. Shekara goma sha biyu yana fama, in ji ta. In abin ya motsa sai ya zaga banɗaki sau ashirin a yini, har da jini. Tun da ya shiga kamfanin ya sa ta yi alkawarin rufe baki, ya kuma daina zuwa asibiti don kada a gan shi a layi. Maganin dai daga ofis yake zuwa da shi, ba ta san inda yake samu ba. A makonnin ƙarshe ta roƙe shi ya je a duba shi, ya ce in aka gan shi a gadon asibiti ya rufe shago ke nan. Sai ya ninka kafson.

"Wannan zaren fa?"

"Yallaɓai, ni ko maɓalli ya cire, wurin tela nake kaiwa."

A mota, Sajan, wanda saura shekara guda ya yi ritaya, ya ce shi dai matar yake zargi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sufeto ya ce a juya su koma ofishin.

Mataimakin Jagora ne ya zaga da su zauren taro. Mutum ne mai zaƙin baki, kafin su kai tsakiyar zaure har ya hango wa Sajan alamun gajiyar jini a ido, ya ce gwangwani biyu za su gyara.

"Bari in mutu da gajiyata," in ji Sajan.

A gaban dandamali akwai babban bokitin roba mai nuna abin da ke ciki, rabinsa cike da kwalabe da katunan magani. Mataimakin ya yi bayani da alfahari. A kowane taro, wanda ya yi imani da garin zai fito ya ba da shaida, ya jefa maganin asibitinsa a bokiti, a tafa masa, a ɗauke shi hoto da Jagora. Daga baya a ƙone su a bayan gini.

Sufeto ya zaga bayan ginin. Ciyawa ce kore shar, ko tabon wuta babu.

Mataimakin ya fara gumi. Ya ce shi dai haka aka gaya masa, bai taɓa gani da idonsa ba. Mai ɗaukar bokitin Anti Tela ce, ita ma 'yar kamfani.

Aka kira ta daga cikin masu zaman makoki. Mace ce siririya, ta haura arba'in, tef ɗin awo a wuyanta kamar an haife ta da shi. Ta ce ita iyakarta ƙofar ofis, ta ajiye bokiti ta juya. Sufeto ya tambaye ta ko akwai wani nata mai shan garin.

"Ni kaɗai ce, Yallaɓai."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi kamar za ta yi ba.

Aka fasa durowar Jagora mai makulli. Kwalabe goma sha ɗaya, duk maganin hanji, duk an kankare sunayen masu su, duk kafson ciki kore. A gindin ɗaya, reza ta tsallake lambar katin asibiti. Wuyanta ɗaure da shuɗin zare, ƙulli iri ɗaya da na jan.

Washegari babbar nas a ɗakin masu ciwon hanji ta duba lambar, ta cire tabarau. Ta ce katin wani malamin makaranta ne. Shekara bakwai bai taɓa saɓa ranar ganin likita ba, har ana yi masa ba'a cewa ya fi agogon asibiti cika alkawari. Kwatsam ya ɓace. Da aka dawo da shi, a kan gadon turawa ne, cikinsa kamar ganga. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Wata takwas ke nan da rasuwarsa.

"Wa ya kawo shi?"

"Matarsa. Ba zan manta da ita ba. Da koriyar riga ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ta. Na ji an ce tela ce."

Shagon ɗinkin ƙarami ne, keke ɗaya, benci ɗaya, zaruruwa jere a kan ƙusoshi. Anti Tela tana kan ɗinki suka shiga. Ta ɗago ta dube su, ta ƙarasa layin da ta faro, sannan ta ɗage ƙafa daga keken.

Sufeto ya zauna a bencin, ya jera kwalabe biyu a kan teburin yanka, mai ja da mai shuɗi.

"Kin ce ke kaɗai ce."

"Yanzu ai ni kaɗai ce."

Ya tura kwalaben gabanta. Sajan ya fita ya tsaya a waje.

Ta miƙa hannu ta shafa zaren. Ta ce ja na safe ne, shuɗi na yamma, don Malam mutum ne mai mantuwa in yana duba takardun ɗalibai. Ita ta ɗaura masa.

Daga nan maganar ta zo da kanta. Wata mai kawo ɗinki ce ta ja ta cikin kamfanin. Aka ce ba za ta hau mataki ba sai ta kawo shaida daga cikin gidanta. Ta yi ta bin Malam da magiya, yana cewa likitansa ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya tsayar. Jagora da kansa ya zo gidan, ya ɗaga riga ya buga cikinsa, ya ce shi ma irin ciwon ne da shi, ga shi garau. Malam dai bai yarda ba. Ranar taro ta ɗaga filonsa ta kwashe kwalaben, ta kai bokiti. Aka tafa mata. Da ta dawo bai yi faɗa ba, ya ce tunda ta yarda da abin haka, zai gwada saboda ita.

Da jini ya fara, Jagora ya ce dattin jiki ne ke fita, a ƙara cokali. Da zazzaɓi ya zo, ya ce alamar aiki ce.

Bayan ta fita takaba ta koma ofis don ta ajiye musu rigarsu. Ƙofar Jagora a buɗe kaɗan. Ta hango shi ya juya baya, yana zazzage kafso a tafin hannu daga kwalba mai jan zare.

"Maganin mijina, Yallaɓai. A gabana ya kora da ruwa, ya yi gyatsa."

Ba ta ajiye rigar ba. Ta ƙara ƙwazo, ta zama ta farkon zuwa, ta ƙarshen tafiya, har Jagora ya ba ta aikin bokiti. Ya ce ta riƙa ware na hanji daban tana kai masa, wai kamfani na bincike a kansu. Ta ce to. Takan zo da su shago, ta rufe ƙofa, ta buɗe kowane kafso da bakin allura, ta zubar da na ciki, ta ɗura garin da ƙaramin mazurarin takarda. Na durowa kuwa, makullin yana rataye a jikin na ofis, kuma ita ke share masa tebur.

"Kin ga yana ramewa?"

"Na gani. Ni na rage masa wandonsa sau biyu."

"Ba ki ce masa komai ba?"

"Na ce. Ranar da na same shi ya dafa bango yana nishi, na ce Jagora, dattin jiki ne ke fita, a ƙara cokali. Ya dube ni, ya yi murmushin dole, ya ce haka ne."

Ta jawo gwangwanin garin daga ƙarƙashin keke ta ajiye kusa da kwalaben.

"Ga gubar, in guba ce. Ban ƙara komai a ciki ba. Mutum ɗari uku ne ke shanta a ƙarƙashinsa, har da masu ciwon sukari da hawan jini. In kun rubuta cewa ita ta kashe shi, ku rubuta da manyan baƙi, a karanta a kotu kowa ya ji. Asibiti kuma ban tare masa hanya ba. Titi biyu ne daga ofis."

Sufeto ya daɗe yana rubutu. Ya san zai sa a kwashe kayan ofishin a kai gwaji, a kuma nemi masu sauran kwalaben tun suna da rai, su koma wurin likitocinsu. Ya san kuma duk wannan ba zai hana shi abin da ya kawo shi ba.

Ya ce mata ta san maganin ne ke riƙe da ran mutum, amma ta cire, da gangan, wata biyu tana kallo. Doka tana da suna ga wannan.

"Na sani."

Ta tashi ta ninke ɗinkin da ke kan keke, ta leƙa ta miƙa wa maƙwabciyarta mai kitso, ta ce na wata amarya ne, saura kalmasa. Ta cire tef daga wuyanta ta rataye a ƙusa. Sajan ya zaro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai.

A bakin mota ya yi mata tambayar da ba ta cikin takarda.

"Baiwar Allah, kin yi nadama?"

Ta tsaya, hannunta a kan ƙofa.

"Kullum. Tun ranar da na ɗaga filon nan." Ta shiga ta zauna, ta gyara mayafi. "Na Jagora kuwa, da da sauran kwalba, da na cika ta."