Kwana Uku A Kan Ƙofa Ɗaya

Ranar da Ma'u ta fara shiga ɗakin gwajin jinin dabbobi a Kankiya, idanunta sun yi jawur. Daga Bauranya ta ƙasar Kusada ta taho da kwalaben jinin shanun mahaifinta, Malam Bubayero, waɗanda wani ciwo ke kayarwa. Lawal, ma'aikacin wurin, ya ɗago ya dube ta, sai ya manta abin da yake rubutawa.

"Kwantar da hankalinki, gobe za ki karɓi sakamako."

Amma da ya rufe manhajar gwajin ya sake kunnawa, sai ta ƙi tashi. Ta wata ƙofa mai lamba a cikin kwamfuta take karɓar bayanin na'ura, ga shi tana cewa akwai mai riƙe da ƙofa ta 5000. Ya goge ta ya sake sawa. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Shiru.

Kullum Ma'u na zaune kan benci tana jira.

Sai rana ta uku ya duba jerin masu riƙe da ƙofofin. Ashe wata manhaja ce daban da shi da kansa ya saka don gwadawa, ya bar ta tana tashi da kanta, ya manta. Yana rufe ta gasken, sai waccan ta kame gurbin. Ya tsayar da ita, cikin minti biyar sakamako ya fito: sammore ne, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa shanu.

Kafin nan shanu shida sun faɗi, har da farar saniyar da marigayiya mahaifiyar Ma'u ta bar mata.

Lawal ya ce wa kowa netwok ne. Ya bi Ma'u ruga da magani, ya yi ta komawa, har suka shaƙu. Da ya tura manyansa, Malam Bubayero ya ce a'a. Ga Umar, ɗan ƙanensa, wanda ya san ciwon dabba, shi zai ba ta.

Ƙaryar netwok ɗin ta tsaya wa Lawal a rai, ya rubuta mata:

"Ma'una, ba netwok ba ne. Sakacina ne ya kashe farar saniyarki. Ba zan iya neman aurenki da wannan a cikina ba."

Sati uku ba amsa. Ya rame, har mutanen ofis suna tambayarsa ko lafiya. Ya rubuta matakan duba ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ya manna a bango.

Sannan saƙo ya shigo:

"Na yi kuka har na gaji, Nawa. Na yafe. Amma je ka faɗa wa Baffa da bakinka."

Ya je ya durƙusa gaban Malam Bubayero, ya faɗa masa gaskiya. Tsohon ya daɗe yana kallon garke.

"Da ka yi shiru, wa zai sani?"

"Allah, Baffa. Da ni."

"Tashi, wanga yaro. Ƙafarka za ta yi tsami."

Bayan kaka aka ɗaura aure a Kusada. Da za a tafi da amarya, Malam Bubayero ya jawo wata farar maraƙa, wadda saniyar ta mutu ta bari, ya damƙa wa Lawal igiyar.

"Su biyun nan marayu ne. Kada ka sake manta abin da ka bari a kunne."

Ma'u ta rungume wuyan maraƙar tana kuka. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya jiƙan wadda ba ta ga ranar ba.